Adda Mairamu Ta Tafi Ta Bar Ƙyanƙyasa

Daga Allah muka fito, kuma ranar Talata, takwas ga watan Yuli na wannan shekara ta 2025, aka sake tuna mana inda za mu koma. A ranar ce, kafin a kira azahar, Allah ya karɓi ran yayata Mairamu, wadda daga Yelwa har Bokle kowa ke kira Adda Mairamu mai talotalo. Hawan jini ne ya kayar da ita da hantsi a ƙofar ɗakin 'yan tsakinta. Kafin motar maƙwabci ta tsallaka gadar Binuwai da ita ta daina magana, a asibiti kuwa ba abin da ya rage musu sai rufe mata ido. Bayan la'asar muka kai ta, ƙasa a jiƙe, masu haƙa ba su sha wuya ba. Ta bar 'ya'ya biyu, Nasiha da ke aure a Domayo can Marwa, da Ziyad da ke tuƙin babbar mota a Duwala. Ta bar jikoki, ta kuma bar ni, ƙaninta Ɗanmalam, wanda bai taɓa zaton shi za a bari da wannan rubutu ba.

Adda, na gaji. Da wannan zan fara, tunda ke kaɗai ce ban taɓa iya yi wa ƙarya ba. A bana na zauna kan tabarmar makoki har gwiwoyina sun fi sanin ta da kujerar shagona. Abokan tasowata suna ta zarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda na binne, wurinki nake zuwa in zauna ƙarƙashin darbejiyar nan, ki miƙo mini kunu, ki ce in sha in daina tsaki. Yanzu an binne ki, na duba gabas na duba yamma, ban ga inda zan je in zauna ba. Mutane sun zo sun faɗi alherinki, sun yi gaskiya, amma a dunƙule suka faɗa, irin yadda ake faɗa wa kowace mamaciya. Ni kuwa so nake in faɗi abin da na gani da idona, har da abin da ya faru a gidanki bayan kin fita daga cikinsa, don na san da za a ba ki izinin tambaya ɗaya, ba gadonki za ki tambaya ba. Cewa za ki yi, "Sun ci kuwa?"

Mu 'ya'yan 'yan kasuwa ne. Kakanmu da goro da tufafi ya biyo fatake daga Kano ya yada zango a Garwa, kuma tun daga kansa macen gidanmu daga ɗakinta take ciniki: atamfa, turare, kwanukan jere. Da mijinki Alhaji Nasrullahi ya rasu kika fita takaba, kowa ya ɗauka haka za ki yi. Sai kawai muka ji kin kwashe kayanki kin koma filin da ya bari a Bokle, inda ya so gina ɗakin ajiya bai samu iko ba. Kika tafi da talotalo uku, namiji da mata biyu, da kika samo wurin wani mai sayar da bandar kifi a Lagdo. Dangi suka yi ta magana har bakinsu ya bushe. Ni ma na zo da tawa. Na tsaya na kalli namijin nan yana hura hanci, fatar wuyansa na reto, na ce, "Adda, duk tsuntsayen duniya ki rasa na kiwo sai wannan mai fuskar wanda aka yi wa rasuwa?" Ba ki ko ɗago daga dusar da kike kwaɓawa ba kika ce, "Ai shi ya sa muka dace." Sama da shekara ashirin ke nan, kuma daga waɗannan ukun duk talotalon gidanki suka fito. Ba ki taɓa sayo na kasuwa kin haɗa da su ba.

Ban so in san komai game da talotalo ba, amma mai yawan zuwa gidanki dole ya sani. Ɗan talotalo halitta ce da ta zo duniya ba da niyyar zama ba. Raɓa ta taɓa shi, ya mutu. Iskar hadari ta buge shi, ya mutu. Ya shiga kwanon ruwan da bai kai gwiwarsa ba, ya jiƙe, sanyi ya kama shi, ya mutu. Uwarsa kuma ba ta da wani wayo, sai ta ja su cikin ciyawa da sassafe ta dawo da rabi. Shi ya sa kika daina ba ta ƙwai. Kajin gida kike ba kwanci, in sun ƙyanƙyashe ki kwashe 'ya'yan ki kai ɗaki, ki shimfiɗa musu buntun shinkafar Lagdo, ki kife tukunya mai huji a kan kaskon garwashi su kewaye ta. Kin fi yarda da gawayi da wutar lantarki, wadda kike cewa ba ta da alkawari.

Babban aibinsu shi ne wanda mutane ba sa yarda sai sun gani. Ɗan talotalo bai san ci ba. Sai ya tsaya a tsakiyar abinci, ƙafarsa cikin tsaba, yana kuka har yunwa ta kashe shi. Ɗan tsakon kaza kuwa tun bai gama bushewa ba yake kai baki ƙasa. To dabararki ita ce, tunda ƙwan talotalo ya fi na kaza daɗewa da mako guda, sai ki bari kaza ta yi mako a kan na talotalo, sannan ki zo ki cusa mata nata 'yan kaɗan a ƙarƙashi. Rana ɗaya sai su fashe tare. 'Yan tsakin su ci, 'yan talotalon su gani su kwaikwaya. Su sha, su ma su sha. Malamai kike kiransu. Kina cewa ba a raba ɗalibi da malaminsa sai ya yi fiffike.

Ranar da kika fara nuna mini haka na yi dariya, sai kika ce in rufe baki, ni ma talotalo ne. Kin yi gaskiya. Lokacin da Inna ta rasu ina ɗan shekara biyar na ƙi abinci, aka yi lallashi aka yi tsawa, ban buɗe baki ba. Ke da ba ki fi shekara sha uku ba ba ki ce mini komai ba. Kika ɗauko kwanon tuwo kika zauna kusa da ni kina ci, kina lashe yatsu, kina yaba miyar kamar ba kuka ce ba, kina kallon wani wuri. Ban san lokacin da hannuna ya shiga kwanon ba. Na manta da wannan labari shekara da shekaru, ke ce kika tono shi a ƙofar ɗakin 'yan tsaki, kuma tun daga ranar duk sanda na yi taurin kai sai ki ce, "Talotalon Inna, zo ka ci."

Ba zan manta da ranar ɗaurin auren Ziyad ba. Kina zaune tsakiyar mata a Yelwa, kin sha leshi da gwal, uwar ango ce ke, ana ta guɗa. Sai kika hango hadari ya taso daga wajen Pitowa. Kin shanya 'yan talotalonki a rana cikin kwando kafin ki fito. Ba ki yi sallama da kowa ba, kika tare mai babur a bakin titi kika ce ya tsallaka gada kamar ana bin sa. Da na biyo ki daga baya don in yi faɗa, na tarar da ke durƙushe gaban kasko, leshin nan sharkaf, kin zuba su cikin mayafinki kina hura musu. Na ce mutane za su ce me. Kika ce, "Ziyad ya iya cin abinci da kansa, kuma an ba shi mai dafa masa. Waɗannan fa?" Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. Dangin amarya sun riƙe abin a rai har aka yi suna, ke kuwa ko a jikinki.

Kin sa ni aikin da ko ubana bai sa ni ba. Ni da nake sayar da kayan gyaran mota a babbar kasuwa, yara suna ce mini Alhaji, na sha ɗaukar miki tukunya cike da busasshen kashin shanu da karan dawa in kai bakin suri in kife, don gara ta shiga ki juye wa 'yan talotalo da safe. Na sha biyo miki da ɓarɓashin kifi daga Lagdo, motata ta yi kwana da kwanaki tana wari. Ina kallo ki dafa ƙwai ki murtsuke da lawashin albasa ki ba tsuntsu, ni kuma ki ba ni kunu. In na yi ƙorafi ki ce ni ba a sayar da ni a watan Disamba. Kuma da gaske, in Kirsimeti ta matso layi ake yi a ƙofarki, su Éric mai dafa abinci a otal da ma'aikatan gari, kowa da wanda ya kama suna tun yana ƙarami. Ba ki taɓa zubar da hawaye a kan wanda aka ɗauka ba. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta, kin fi kowa sani, sai dai kina hana a ɗaure musu ƙafa da waya.

'Yan tsakin kazan nan kuwa, in sun gama aikinsu sun yi fiffike, ba kya sayarwa. Rabar da su kike yi. Matar da mijinta ya rasu, amaryar da aka kawo unguwa ba ta san kowa ba, tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi kudu suka manta da ita. Ba kya ba da ɗaya, sai biyu ko uku, kin ce ko kaza ba ta son zaman kaɗaici. Haka kika yi wa Agnès lokacin da suka taso daga Kaele mijinta ba aiki, suka kama ɗaki a bayan katangarki. Ba addininku ɗaya ba, ba yarenku ɗaya ba, da Fillanci kuka fara gaisawa. Yau tana da kajinta, tana soya ƙosai a bakin hanya, kuma duk unguwa an san in ba kya nan ita ke duba miki kasko. Rabin kajin da ke yawo a Bokle jikokin malamanki ne.

Bana ce ta karya ki, Adda, ko da ba ki faɗa ba. Farkon damina ciwon kaji ya shigo gari ya bi gida gida. Kin yi musu rigakafi, kin hana kowa shiga da takalmi, duk da haka ya tsallako. Cikin 'yan kwanaki manyan talotalonki suka ƙare kaf, har tsohon namijin nan da ke bin masu babur da gudu. Na zo na same ki kina haƙa rami da kanki. Ba ki yi kuka ba, kika dai ce bayanki na ciwo. Abin da ya tsira shi ne ƙwai da kika riga kika tara a cikin tulu, da kaji 'yan kaɗan da kika killace a ɗakin girki. Su kika ba kwanci. Kin ce mini, "In waɗannan suka fita, iri ya tsaya. In ba su fita ba, na huta." Sun fita ranar Litinin zuwa safiyar Talata, 'yan talotalo wajen arba'in da malamansu. Kin kwashe su kin kai ɗaki, kin tsoma wa kowanne baki a ruwa, kin gyara garwashi, kin jawo ƙofa. A nan kika faɗi. Ba ki bar wasiyya ba, ko kalma ɗaya.

Kin san yadda gidan makoki yake. Mu maza muna waje kan tabarmi muna amsa "Allah hokku munyal", wato Allah ya ba da haƙuri da Fillanci, daga safe har magariba, mata suna ciki. Agnès ta tafi Kaele jinyar mahaifiyarta tun kafin ki faɗi, ba ta ma sani ba sai a waya. Nasiha ce, da idanunta a kumbure, take leƙa ɗakin tana ƙara gawayi tana zuba abinci. Ita kuwa tun tana yarinya aka kai ta makaranta, daga can sai aure, ta san ana ɗumama su ana ba su ci, iyakarta ke nan. Kwanakin farko ba a ga komai ba, don sabon ƙyanƙyasa da guzurinsa yake fitowa daga ƙwai.

Ranar Alhamis aka yi sadakar uku. Goggo Halime, ƙanwar Babanmu, ita kaɗai ta rage mana a manya, kuma kin san in ta zauna a tsakar gida ba mai motsa ko ludayi sai da izininta. Bayan an raba waina da gumba ta sa aka kama mata hannu zuwa ɗakin, ta leƙa, ta ga 'yan tsakin kaza suna yawo cikin 'yan talotalo. Sai ta tuna halinki. Ta ce talotalo dukiyar marayu ce, ba mai taɓa su, amma waɗannan 'yan kajin ai da ma Mairamu rabar da su take yi, to a raba su yau, ladan ya same ta tun kabarinta bai bushe ba. Matan suka ce madalla. Aka tsince su tsaf, biyu biyu, aka ba matan unguwa a ƙwarya da bakin zane. Har na Agnès aka aika gidanta aka ba 'yarta. Duk wanda ya ji ya yaba, wasu har da hawaye. Ba wanda ya yi don mugunta, Adda. Don son ki aka yi.

Ni ban ji ba sai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Nasiha ta aiko a kira ni, na shiga na tarar da ita tsaye a ƙofar ɗakin riƙe da faranti. Ta ce, "Kawu, ba sa ci. Na canja musu abinci, na dafa ƙwai yadda Mama take yi, ba sa ci." Na leƙa. Ga tsaba ga ruwa, ga ɗumi daidai, su kuwa sun tsaya cirko-cirko sun sassauke fiffike suna wannan siririn kukan da ba ya yankewa. Wasu sun riga sun kwanta a gefen tukunya ba za su sake tashi ba. Na duba ban ga ko ɗan tsakon kaza ɗaya ba. Na tambaya, ta faɗa mini. Sai na zauna kan turmin da ke bakin ƙofa, wanda aka ce a gefensa aka same ki.

Na durƙusa, da wannan gwiwar tawa, na yi ta ƙwanƙwasa farantin da yatsa kamar baki, yadda na taɓa ganin kin yi. Suka kalle ni. Na ɗauki ɗaya na tura masa abinci, ya haɗiye, na ajiye shi, ya ci gaba da kuka. Mutum ɗaya ba zai yi wa arba'in ɗura ba, kuma ɗura ba koyo ba ce. Na ce bari in aika kasuwa a sayo 'yan tsaki. Nasiha ta ce, "Kawu, ciwon bai bar gari ba. Mama ko takalmin kasuwa ba ta bari ya shiga nan." Gaskiyarta. Sayowa na iya zama sayo musu ajali gaba ɗaya. Waɗanda za su yi aikin su ne waɗanda suka fashe tare da su, kuma suna nan cikin unguwa, ba wanda ya fi nisan kiran murya.

Na je wurin Goggo na durƙusa na yi mata bayani a hankali. Ta saurara har na gama, tana jan carbi. Sannan ta ce, "Ɗanmalam, sadaka ta riga ta isa inda za ta. So kake in aika gida gida a ce su dawo da ladan 'yata? In lashe amaina da furfurata, in kuma tuɓe wa Mairamu rigar da na sa mata jiya?" Na ce Goggo, iri ne zai ƙare. Ta ce, "Iri na Allah ne. Munyal." Ta juya fuskarta bango. Na yi fushi, ba zan ɓoye ba, amma da wa zan yi? Tsohuwa ce da ta binne 'yar da ta goya, abu ɗaya ta samu ta aika mata, ni kuma na zo in ce a karɓo. Ba mai iya aikawa a bayan idonta, kuma ko an aika, wace mata ce za a ce wa ta dawo da sadakar mamaci ba ta ji an ci fuskarta ba? Na fito na koma tabarma ina amsa gaisuwa, kunnena na ɗakin. Kafin magariba Nasiha ta sake fitar da wasu a cikin kwano ta rufe da ganye.

Ranar Asabar da safe Agnès ta sauka daga motar Kaele. Ba ta ko ajiye jakarta ba ta shigo ta faɗi a tsakar gida tana kiran sunanki. Da ta natsu ta nufi ɗakin, kamar yadda ta saba. Ta daɗe a tsaye. Ta fito ta same ni ƙarƙashin darbejiya ta ce, "Malam, ina su metir?" Haka take kiran malamanki da Faransanci. Na faɗa mata duka, har da maganar Goggo. Sai ta ce, "Bon. Goggo ta ba ni, sun zama nawa, ko ba haka ba?" Na ce haka ne. Ta ce, "To ni ba na mayar da kyauta, Allah ya kiyaye. Amma abin da yake nawa ina iya aika shi aiki. Metir yana zuwa lekol, makaranta, da safe, ba a ce an sayar da shi ba. In yara sun iya, ya koma gidansa." Ba ta jira amsata ba ta fita.

Ban san abin da ta faɗa wa matan ba. Na dai ga kafin rana ta take suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, wannan da ƙwarya a rufe da faifai, waccan da kwali, wata ta ƙulle nata a gefen mayafi. Agnès ta tsaya a ƙofa tana tambayar kowace ko nata sun haɗu da kajin gida. Waɗanda suka haɗu ta ce a koma da su, saboda ciwo. Waɗanda aka ɓoye a ɗaki kusa da murhu ta karɓa, kuma su suka fi yawa, don duk matan nan a hannunki suka koyi riƙon sabon ƙyanƙyasa. Kowace ta ɗaura wa nata zare a ƙafa, wata ja wata baƙi, don kada a ce an dawo da su ne. Kowace kuma sai da ta tsaya gaban Goggo ta ce, "Aro na kawo, Goggo, nawa ne."

Muka zuba su a ɗakin. Ba su yi wata-wata ba suka ruga kan farantin, ka ji ƙas ƙas ƙas kamar yayyafi a kan kwano. 'Yan talotalon suka ci gaba da kukansu, ba wanda ya motsa. Na ce a raina mun makara. Nasiha ta kama hannun rigata kamar tana ƙarama. Can sai wani ɗan rauni da ke jingine da tukunya ya karkata kai, ya kalli ɗan tsakon da ke gefensa, ya kai baki ya tsinci abin da ya maƙale a bakin wancan. Ya tsaya kamar yana tunani. Sannan ya sunkuya ya kai baki ƙasa. Na biyu ya bi, na uku ya bi. Kukan ya fara raguwa har muka ji ba ya nan. Ban san Goggo ta sa an kawo ta bayanmu ba sai da na ji numfashinta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan aro ne, ba ruwana." Ta ƙara da cewa, "A ƙara musu gawayi."

Sun ci, Adda. Ba duka suka kai ba, kusan rabi sun tafi, kuma ina jin zafin kowanne don na san abin da ya ci miki. Amma waɗanda suka rage suna nan, sun fara fitar da gashin fiffike, akwai maza akwai mata. Iri ya tsaya. Nasiha ta koma Domayo wurin 'ya'yanta, Ziyad ya koma kan hanya, ba a yanke abin da za a yi da gidan ba tukuna. Kafin a yanke, ni ne nake rufe shago da wuri in tsallaka gada, in kife tukunya a bakin suri, in fasa gawayi. Rigunana duk warin hayaƙi suke yi, yaran kasuwa sun fara ce mini Alhaji mai talotalo, kuma ba ni da ƙarfin da zan yi musu faɗa. Da yamma matan unguwa suna zuwa duba kajinsu, wai, sai su zauna a tsakar gida su yi ta hirarki. Jiya Agnès ta lura kwanona yana komawa yadda ya zo. Sai ta aika aka kira mijinta ya zo ya zauna kusa da ni da nasa kwanon yana ci yana kallon hanya. Na gane abin da suke yi mini sarai. Na ci.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Nasiha da Ziyad da 'ya'yansu, Allah ya ba ku haƙuri, ya sa ku gaji halinta ba filinta kaɗai ba. Ga Goggo Halime, Allah ya karɓi sadakarki yadda kika nufa, ya kai mata ladan cikakke, ba abin da ya ragu a ciki. Ga dangin marigayi Alhaji Nasrullahi, da 'yan'uwanmu na Yelwa da Marwa da Kano. Ga Agnès da matan Bokle, waɗanda ban san ko in yi musu ta'aziyya ko in yi musu godiya ba, Allah ya saka muku da alheri, ya raya muku abin da kuke kiwo.

Ke kuma Adda, Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya sa ciwon bayanki da hayaƙin da kika sha su zama kaffara. Ya sada ki da Inna da Baba da Alhaji a gidan da ba a gajiya. Ke da ba ki taɓa barin sabon ƙyanƙyasa cikin sanyi shi kaɗai ba, Allah kada ya bar ki ke kaɗai a inda muka ajiye ki. Idan tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.

Ƙaninki,
Ɗanmalam
Yelwa, Garwa